Littattafai 40,000 a rajista da Excel: ta ina za a fara komawa Koha?

Mai_Rajista:
Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan laburare. Tambayata a kan laburaren kwaleji ce mai littattafai kimanin 40,000. Kusan rabi an shigar da su Excel, sauran suna cikin rajistar shigar littattafai da katunan da ke akwati. Akwai kundayen digiri, akwai sashen Hausa da na Larabci. Hukuma na son katalog ɗin da ɗalibi zai bincika daga wayarsa, amma ba ta da kuɗin lasisin shekara-shekara. Koha ake ta ambata, manhajar kyauta ta tafiyar da katalog da aron littattafai. Ita ce ta dace? Wace irin na'ura ake bukata? Wani ɗan kwangila ya ce sati biyu ya ishe shi ya gama komai.

Injiniya_Debian:
Wa alaikumus salam. Girka Koha kanta ko yini ɗaya ba ya ci. Manhaja ce tsohuwa da ta zauna da gindinta, tun 1999 aka rubuta ta a ƙasar Niyu Zilan, ta fara aiki a Janairun 2000, kuma har yau ana fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, Mayu da Nuwamba. Shi ya sa za ka ga lamba irin 23.05 ko 23.11.

Na'ura: ga wannan adadin, kwamfuta mai RAM 8GB da faifan SSD 256GB ta wadatar. A sa Debian ko Ubuntu LTS, ba Windows ba. A ƙara ma'ajiyar fakitocin Koha, a girka mariadb-server da koha-common. Kafin a ƙirƙiri komai a buɗe /etc/koha/koha-sites.conf a raba ƙofofi: 80 ga shafin ɗalibai, 8080 ga na ma'aikata, a kuma gaya wa Apache ya saurari 8080 ɗin. Sai a kunna rewrite, cgi, headers da proxy_http, sannan koha-create --create-db da sunan laburaren. Kada a manta da koha-plack --enable da --start. Duk wanda ka ji yana kukan Koha na da nauyi, fara tambayarsa ko Plack da memcached, masu ƙara mata sauri, suna aiki.

Amma wannan shi ne sashe mai sauƙi. Sati biyun ɗan kwangila a nan zai ƙare.

Hajiya_Katalog:
Malam Mai_Rajista, ka tambayi ɗan kwangilar nan abu ɗaya: littafi nawa zai bayyana idan aka bincika ran da zai miƙa aiki? Wanda ya ƙware, idan yana kwafo bayanin littafi daga wani katalog, zai yi wataƙila 40 zuwa 50 a yini. Idan daga tushe zai rubuta, da littafin a hannu, da wuya ya wuce 15. Ka raba 20,000 ɗin da ba sa cikin Excel da wannan, ka ga watannin da za su fito. A rubuta yarjejeniya a kan adadin bayanan da suka shiga kuma aka tantance, ba a kan "an girka" ba.

Ɗan_Kanta:
Ni dai ina ganin SLiMS ta fi sauƙi ga kwaleji. Ta 'yan Indunusiya ce, da PHP aka rubuta ta, tana tashi ko a kan ƙaramar kwamfuta.

Injiniya_Debian:
Ta fi sauƙin girkawa, wannan gaskiya ne. Sai dai ka duba wa zai taimake ka ran da ta tsaya. A Najeriya masu hannu a Koha sun fi yawa nesa ba kusa ba. Evergreen kuwa an gina ta ne don gamayyar laburarori da yawa, ta fara a jihar Jojiya ta Amurka a 2006, ta yi wa kwaleji ɗaya yawa. FOLIO ma kada a fara, tana son ma'aikatan sabar na cikakken lokaci.

MARC_Zalla:
Bari in yi maganar Excel ɗin, domin nan ne ake ɓata aiki tun kafin a taɓa Koha.

Da farko a duba abin da Excel ya riga ya lalata. ISBN mai lamba 13 yakan mayar da ita 9.78E+12, idan kuma aka adana fayil ɗin a matsayin CSV a haka, lambar ta tafi ke nan. Lambar shiga mai sifili a gaba, kamar 004512, takan koma 4512, sai ta daina dacewa da wadda ke jikin littafin. A mayar da waɗannan ginshiƙan su zama rubutu zalla kafin komai. Wajen adanawa a zaɓi CSV UTF-8, ko a yi da LibreOffice. CSV na yau da kullum yana mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya.

Sai MarcEdit, manhajar kyauta mai mayar da fayil ɗin zuwa MARC, tsarin bayanan katalog mai gurabe masu lamba da Koha ke karɓa. A cikinta akwai Delimited Text Translator, nan ake gaya wa kowane ginshiƙi gurbin da zai shiga: marubuci 100$a, take 245$a, wurin bugu da maɗaba'a da shekara 264 $a $b $c, shafuka 300$a, ISBN 020$a, maudu'i 650$a. Bayanin kwafin da ke kan kanta duk a 952 yake: $a da $b lambar reshe, $y nau'in abu, $o lambar kanta, $p bakod. Dole a haɗe waɗannan su zama 952 guda ɗaya. Idan aka bar su a warwatse, Koha za ta ɗauki kowanne a matsayin kwafi daban.

Abu biyu ne suka fi jefar da kwafi a hanya. Na ɗaya, lambar reshe da ta nau'in abu dole a riga an ƙirƙire su a Koha, harafi da harafi. Ka rubuta MAIN a fayil alhali BABBA ka sa a Koha, bayanin littafin zai shiga, kwafin ba zai shiga ba. Na biyu, bakod mai maimaici. Tsofaffin rajistoci cike suke da lamba ɗaya a kan littafi biyu.

Kuma littafi mai kwafi shida bayani ɗaya ne mai 952 guda shida, ba bayani shida ba. A jera fayil ɗin ta take da marubuci a haɗe su tun a Excel.

Kada a zuba 20,000 lokaci guda. A gwada da 200, a buɗe guda 20 a kwatanta da littafin da ke kanta. Shigarwa ta Stage MARC records for import tana da maɓallin janye duk rukunin idan an ga kuskure, shi ya sa na fi son ta a kan bulkmarcimport.pl.

Mai_Rajista:
Allah ya saka da alheri. To wanda ya ce min shigarwar takan tsaya a 0% ba ta motsi fa?

Injiniya_Debian:
Ba laifin fayil ba ne galibi. Sababbin zubin Koha suna miƙa irin wannan aikin ga ma'aikacin bayan fage, ta RabbitMQ. A duba ko rabbitmq-server na gudana, sannan a sake tayar da koha-worker, har da layin long_tasks. Idan kuma an shigar amma bincike bai nuna komai ba, fihirisa ce ba ta ginu ba: koha-rebuild-zebra -f -v da sunan laburaren, a kuma tabbatar koha-indexer na aiki don sababbin da za a riƙa ƙarawa.

Malamar_Hausa:
Duk kun tsallake sashen Hausa, kuma nan ne ɗalibanmu za su fara gwadawa. Ɗalibi zai rubuta "kasar Hausa" daga wayarsa, katalog kuma "ƙasar Hausa" ke ciki. Ba zai samu ba, zai ce babu littafin. Akasin haka ma yana faruwa, wanda ya shigar bai sa lanƙwasa ba, mai nema ya sa.

MARC_Zalla:
Malama ta taɓo babban wuri. Dalilin shi ne é ta Faransanci a tsarin Unicode tana rabuwa gida biyu, e da alamar samanta, don haka injin bincike yana iya cire alamar. Amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ haruffa ne masu zaman kansu, ba sa rabuwa. Dokar cire alamomi ba ta taɓa su.

Gyaran a Zebra, injin binciken Koha: a buɗe /etc/koha/zebradb/etc/word-phrase-utf.chr a ƙara layuka irin "map ƙ k", "map ɗ d", "map ɓ b", "map ƴ y", da manyan haruffansu. Sai a sake tayar da Zebra a gina fihirisa daga farko. Abin da ke bayyana a allo ba ya canzawa, lanƙwasar na nan, binciken ne kawai ya daina bambancewa.

Sibawaihi_Ƙarami:
Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Kun haɗe kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa. Mai neman littafi a kan fadar sarki zai sha littattafan faɗa.

Malamar_Hausa:
Zai sha, amma zai ga nasa a ciki ya zaɓa. Ɗaya hanyar kuwa allo ne fari fes. A tarin da bai wuce dubu kaɗan ba, sakamako goma na ƙari ba matsala ba ne.

Injiniya_Debian:
Gyara kaɗan ga MARC_Zalla. Mai tambaya ya ce akwai sashen Larabci. Binciken Larabci a Zebra yana bukatar ICU, tsarin sarrafa haruffan harsuna daban-daban, wato a girka yaz-icu, a shiga default.idx a sauya layukan charmap zuwa icuchain. Da zarar an yi haka, fayil ɗin .chr ya daina aiki, duk layukan map ɗin sun zama banza. Dokar sai ta koma words-icu.xml da phrases-icu.xml. Akwai layin da ke mayar da œ zuwa oe a ciki, a kwaikwayi siffarsa a yi wa haruffanmu. A ajiye kwafin fayilolin nan a gefe, domin wajen sabunta Koha za a iya maye gurbinsu da na asali, a wayi gari bincike ya koma gidan jiya.

MARC_Zalla:
Haka ne, a fara duba default.idx a ga wanne ke aiki. Ƙari a kan wannan: bayanan da ake kwafowa daga ƙasashen waje, musamman tsofaffi, sukan zo da ɗigo a ƙarƙashin harafi, ḳ da ḍ da ḅ, saboda tsohon tsarin haruffa na MARC-8 ba shi da masu lanƙwasa. A tsayar da doka ɗaya a rubuce: a 245 a kwafi abin da ke shafin take, in ana son wata siffar a sa ta a 246. A tabbatar matsayi na 09 a Leader, layin farko na bayanin MARC, yana ɗauke da "a", alamar Unicode ke nan. Harshe kuma a 008, matsayi 35 zuwa 37, a sa hau. Idan aka bar shi a eng kamar yadda yake zuwa, tace sakamako ta harshe ba zai taɓa fitar da littattafan Hausa ba.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan ƴ muke rubutawa inda kuke sa 'y, ƴan da 'yan. Duk wanda ke tunanin haɗa katalog da namu wata rana ya sa wannan a dokar fihirisa tun yanzu. Alamar ' ɗin ma iri-iri ce, ta allon kwamfuta daban, wadda Word ke lanƙwasawa daban. Na biyu, a ɓangaren masu Faransanci manhajar PMB aka fi sani, kuma UNIMARC, wani nau'in MARC, take bi, inda take yake a 200 ba 245 ba. Koha na iya ɗaukar MARC21 ko UNIMARC, amma ɗaya ake zaɓa ran girkawa, ba a gauraya su. Musayar bayanai tsakaninmu sai an bi ta juyawa.

Alaramma_Dijital:
Littattafan Larabci da na ajami kada a wadatu da rubuta su da boko kawai. Gurbi na 880 don haka aka yi shi. A 245 a sa $6 880-01 tare da taken da boko, a 880 a sa $6 245-01/(3/r tare da taken da haruffan Larabci. Wannan (3 ɗin na nufin rubutun Larabci, r kuma daga dama zuwa hagu. Take mai farawa da al- a sa 3 a manuni na biyu na 245, wato a tsallake haruffa uku wajen jerawa, don kada duk su taru a ƙarƙashin harafin A. Na Hausa 0 ne, tunda ba mu da irin wannan a farkon take.

Sai sunaye. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kaɗai za ka same shi a matsayin Usman dan Fodio, Uthman ibn Fudi, Usmanu Danfodiyo, da sauransu. A buɗe masa bayanin suna guda ɗaya, siffar da aka zaɓa a 100 tare da 1754-1817, sauran duk a 400. Haka za a yi wa Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u. In ba haka ba ayyukan mutum ɗaya za su rabu gida biyar.

Ɗan_Kanta:
Wannan aikin duk wa zai yi shi? Laburaren da ke da masu katalog biyu?

Hajiya_Katalog:
Shi ya sa ba a farawa daga kanta ta ɗaya a bi a jere. A fara da abin da ake ara: littattafan da ke teburin ajiya na darussa, sai duk littafin da aka dawo da shi a shigar da shi kafin ya koma kanta. Na Turanci da aka buga a waje a kwafo su ta Z39.50, hanyar janyo bayanin littafi daga katalog ɗin wani laburare. Na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana lx2.loc.gov, ƙofa 210, rumbu LCDB. Idan bincike na dawowa babu komai ko da littafin sananne ne, kusan kullum sashen ICT ne ya toshe ƙofa 210 a katangar tsaro. Takarda ɗaya zuwa gare su ta warware shi.

Ƙarfin masu katalog biyun a tanada shi ga abin da babu mai yi mana: littattafan da aka buga a Zariya da Kano da Sakkwato, da yawa ba su da ISBN, wasu ko shekarar bugu babu. Masu bin tsarin LC, na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wajen ba da lambar kanta, Hausa tana PL8231 zuwa PL8234. Masu Dewey, harshe 493.72, adabi 893.72. Ɗaliban da ke zuwa sanin makamar aiki za su iya liƙa bakod da buga bayanin farko, amma a ba su izinin da bai haɗa da gogewa ba, kuma wani ya duba kafin a amince.

Tsohon_ISIS:
Ku tambaya ko akwai tsohuwar kwamfuta a sito mai tsohuwar manhajar katalog WinISIS, ko ragowar irinta TINLIB da aka raba wa jami'o'in tarayya a shekarun 1990. Wani lokaci rabin aikin yana can a kwance. Abin lura, fayil ɗin ISO da ISIS ke fitarwa yana yanka layi a kan harafi 80, yana kuma raba gurabe da alamar #, don haka Koha ba za ta karɓe shi kai tsaye ba. Sai an juya shi, an kuma daidaita lambobin gurabensa da na MARC21, tunda kowane laburare da yadda ya tsara nasa.

Ba_Wuta:
Kuna ta maganar haruffa, ni wuta ce damuwata. Sabar da ke mutuwa sau biyar a yini ba ta daɗewa. Rumbun MariaDB idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu zai iya ƙin tashi. Kwamfuta ɗaya da na'urar rarraba intanet ba sa cin wuta sosai, inbata 1kVA da batir 200Ah guda ɗaya da faifan sola biyu za su riƙe su, in dai ba a jona firinta da fanka a kai ba. A BIOS a saita ta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo.

Akwai kuma wata cuta da yawan kashewa da kunnawa ke tayarwa a tsofaffin girki. MySQL kafin zubi na 8, da MariaDB kafin 10.2.4, suna mance lambar da suka tsaya a kai bayan an sake kunna su. Sai a ba sabon aro lambar da ke cikin teburin old_issues, ran dawo da littafin kuma Koha ta ƙi karɓa. Wanda ya gaji tsohuwar sabar ya shiga About Koha, shafin System information, zai ga gargaɗin a can.

Injiniya_Debian:
Kwafin ajiya kuma: Koha na yin nata kullum a /var/spool/koha, amma na kwana biyu kawai take riƙewa, kuma a faifai ɗaya da rumbun. Faifan ya mutu, duka sun tafi. A sa aikin cron, mai gudana da kansa a kan lokaci, da zai tura kwafi wata na'ura a wani gini. Kuma sau ɗaya a zango a ɗauki kwafin a gwada koha-restore a wata kwamfuta. Sannan lokacin da aka saita na yin kwafin ya dace da lokacin da sabar ke kunne, domin in da asuba ne alhali ana kashe ta da yamma, ba a taɓa yin ko ɗaya ba.

Gajimare:
Ko a huta da duk wannan a yi hayar sabar a intanet. Mai tambaya ya ce daga waya ake son bincike. Sabar da ke ƙarƙashin teburin shugaban laburare, ba ta da adireshin IP na waje, ɗalibi ba zai gan ta daga gida ba.

Ba_Wuta:
Hayar da dala ake biya, kuma ran da intanet ɗin makaranta ya yanke teburin aro ya tsaya cak.

Gajimare:
Akwai KOCT a Firefox don aro ba tare da intanet ba, a tura daga baya. Kuɗin batir duk bayan shekara biyu ko uku ma ai kuɗi ne. Kowa ya yi lissafinsa. Abin da ba na so shi ne a yi rajistar sabar da sunan yanki da imel ɗin ɗan kwangila ko na ma'aikaci ɗaya. A yi da na makaranta, kalmomin sirri a ambulan a ofishin shugaban laburare, kuma mutum biyu a ƙalla su iya sabuntawa da dawo da kwafi.

Mai_Rajista:
Kundayen digirin fa? Su ma cikin Koha za a zuba PDF ɗinsu?

Rumbun_Bincike:
A'a. Koha ta san inda abu yake da wanda ya are shi, ba ma'ajiyar cikakken rubutu ba ce. Wannan aikin DSpace ne, wadda MIT da HP suka fitar a 2002, ko EPrints ta Jami'ar Southampton. A Koha a yi wa kundin bayani, a sa bayanin digiri a 502, a sa mahaɗin DSpace a 856$u. Kada a ɗora su a sabar ɗaya mai 8GB, domin DSpace daga zubi na 7 tana tafe da Java da PostgreSQL da Solr da fuskar Angular, kowanne da cinsa. Wajen sikanin, 300 dpi ya isa, a bi da OCR, mai karanto rubutun da ke cikin hoton, in ba haka ba hoto ne kawai, Google Scholar ba zai karanta shi ba. Sababbin kundaye kuwa a daina sikanin su, makarantar gaba da digiri ta karɓi fayil ɗin tare da takardar izinin marubuci.

Idan ana son akwatin bincike ɗaya ga duka biyun, VuFind ta Jami'ar Villanova na iya janyo bayanai daga Koha da DSpace ta OAI-PMH, hanyar da rumbuna ke bari a kwashi bayanansu. A Koha zaɓi ne guda ake kunnawa. Amma wannan na shekara ta biyu ne.

Malamar_Hausa:
Wannan OAI ɗin da Z39.50 su ne ya kamata mu yi wa kanmu. Littafin Hausa ɗaya, makarantu ashirin kowacce na rubuta masa bayani daga tushe, kowacce da irin kuskurenta. Koha na iya zama mai bayarwa ba mai karɓa kawai ba, akwai koha-z3950-responder. Manyan jami'o'i biyu ko uku su buɗe nasu, ƙananan kwalejoji su riƙa kwafa.

MARC_Zalla:
Sai an fara yarda da doka ɗaya a kan lanƙwasa da sunaye, in ba haka ba kuskuren ne zai yaɗu da sauri.

Hajiya_Katalog:
Kafin a kunna tara, a cika kalandar Koha da ranakun hutu, a saita finesCalendar ta tsallake ranakun da aka rufe. Yajin aikin ASUU na 2022 daga Fabrairu ya kai Oktoba. Laburaren da bai rufe waɗannan ranakun a kalanda ba, kowane ɗalibi zai dawo ya tarar da tarar wata takwas. A bar finesMode, mai kunna lissafin tara, a kashe har sai an gwada dokokin aro da katin gwaji. Sunayen ɗalibai kuma kada a buga da hannu, a karɓo CSV daga ofishin rajista, lambar shiga makaranta ta zama cardnumber, tare da surname da branchcode da categorycode. Abin da ba a bukata kada a ɗauka, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Mai_Rajista:
Na gode ƙwarai. Zan nemi a raba kwangilar biyu, girkawa da horarwa daban, shigar da bayanai daban. Saura bakod: a yi amfani da tsohuwar lambar shiga ko a fara sabuwa?

MARC_Zalla:
Sabuwa, mai tsawo ɗaya ga kowane littafi, a bugo su a jere tun kafin a fara. Tsohuwar lambar shiga a ajiye ta a 952$i don masu binciken kuɗi.

Ɗan_Kanta:
A'a, in rajistar ba ta da maimaici a bar tsohuwar, a cika ta da sifili ta kai lamba shida. An riga an buga ta da hatimi a cikin kowane littafi, ko takardar bakod ta ɓalle za a iya bugawa da hannu. Kuma a liƙa ta a bangon baya daga waje a rufe da farin salatif mai faɗi, wadda aka buga da firintar tawada ba ta kai damina biyu.